Ranar da Na Gasa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yarmu ta fari ba, don a ranar ce na gasa surukina da wasu dattawa goma a falona, kuma da kyakkyawar niyya.

Abin ya faro ne daga wani kwas na mako shida da wurin aikinmu a Samaru ya tura ni wata ƙasa mai sanyi, a farkon shekarun dubu biyu. (Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, amma a unguwa Injiniya ake ce mini, ban kuwa taɓa hana kowa ba.) A masaukinmu na can, in ka taka ƙasa ba takalmi sai ka ji ɗumi. Da na tambaya, aka ce bututu aka binne a ƙarƙashin daɓen, ruwan zafi yana zagayawa a ciki. Na dawo gida ban riƙe komai na kwas ɗin ba sai wannan.

Lokacin matata Hadiza tana da tsohon ciki, haihuwar kuma za ta faɗo tsakiyar sanyi. Iyayenta, a wani ƙauye bayan Shika, suka aiko cewa za ta je gida wanka, kwana arba'in, kamar yadda aka saba. Ni kuwa gaskiya ba na so ta tafi. Ina so in riƙa ganin abin da aka haifa mini kullum, ga shi kuma ban iya dafa komai ba sai shayi. Surukata ta aiko cewa gidan siminti a sanyin Zariya ba wurin mai jego ba ne. Na roƙa a ba ni wata guda. Aka ce to, za su zo suna su gani: in gidan ya yi ɗumi, a bar mini iyalina.

Na nufi Sabon Gari wajen wani mai aikin famfo, Oga Chidi, na zana masa abin da nake so a takarda. Ya daɗe yana kallo.

"Oga, kowa yana zo yana neman fanka. Kai kana so wuta a ƙasa?"

Na yi masa bayani da Turanci mai nauyi. Ya ce, "To in zafi ya yi yawa fa, mene ne zai rage shi?"

Na ce, "Ba ya yin yawa."

Ya ce, "Gidanka ne."

Muka fasa daɓen falo da na ɗaki, muka shimfiɗa bututun ƙarfe, muka fitar da bakinsa bayan ɗaki ya ratsa ta cikin wani babban murhu da na gina. Aka zuba siminti, na shimfiɗa sabuwar leda mai jajayen furanni. Ranar gwaji na sa itace uku kacal, ƙasa ta yi ɗumi mai daɗi, har Hadiza ta ce wallahi ya yi. Kwana biyu na yi ina tafiya ba na gaida yara.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne matan gidan suna. Tun da asuba gwaggonnina da maƙwabta suka cika gida, suka tarar da sabon murhu ƙato yana zaman banza a bayan ɗaki. Suka ɗora masa tukunyar shinkafa, suka yi ta tura masa itace. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban leƙa ba, ina can ina rabon goro.

Maza suka tuɓe takalma suka shiga falo. Na nuna wa Baba, surukina, kujera, ya ce shi a ƙasa yake zama. Tunda babba ya zauna a ƙasa, kowa ya zauna. Na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a sunkuye. Wani dattijo ya shafa ledar ya ce, "Kai, gidan nan da ɗumi yake!" Na ji daɗi har cikin raina.

Sai liman ya fara addu'a, mutum ne kuma da ba ya gaggawa. Yana kan yi wa jaririya, na ji tafin ƙafata ya fara magana. Da ya kai kan iyaye, dattawa suka fara gyara zama. Wani ya tattara babbar rigarsa ya tura ƙarƙashinsa a hankali. Ai ba a shiga gidan mutum a ce ƙasarsa na ƙuna, balle ana tsakiyar addu'a. Amin ce kawai ta ƙara sauri, wasu har suna rigan liman. Ni na gane abin da ke faruwa sarai, amma suruki ba ya miƙewa a gaban surukinsa ana addu'a ya ruga bayan ɗaki. Na dai riƙa ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya, warin leda yana tashi.

Baba kuwa daidai inda bututun ya shigo ya zauna. Ko motsi bai yi ba, gumi ne kawai ke ɗiga daga gemunsa.

Ana shafa fatiha, mutum goma suka miƙe lokaci guda, har da wanda aka shigo da shi a riƙe. Baba ya tashi a ƙarshe, ledar ta biyo shi kaɗan sannan ta sake shi, ta bar masa jajayen furanni biyu a bayan farar rigarsa. Ya dube ni.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Wannan shi ne ɗumin?"

"Shi ne, Baba."

"Madalla."

Da na fito, na tarar an riga an fitar da mai jego da jaririya tsakar gida, surukata tana ɗaure kaya. Ba ta kalle ni ba, gwaggona ta yi wa magana, da muryar da za ta iso ni.

"Ku ce masa mun gode. Mu ma a gida muna da gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi, tun kakanninmu. Sai dai mu in ya yi zafi, zare itace muke yi."

Da la'asar aka tafi da su. Kwana arba'in ya zama sittin, ban kuwa ga fuskar da zan yi ƙorafi da ita ba. Duk Asabar in hau babur in je in ga 'yata, in dawo gida ni kaɗai.

Abin da na koya ɗaya ne: kafin ka ɗauko fasaha daga ƙasar waje, ka fara tambaya ko surukarka tana da ita a ɗaki.