Rigar Surukina da Firigon Sanda

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na biyu ba, ko da kuwa na so, don har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Lokacin kuɗin iraniyom ne, sa'ad da kowa daga Maraɗi da Tawa da Damagaram yake naɗe tabarmarsa ya nufi Arlit. Ni ƙaramin ma'aikacin biro ne, wato ofis, a kamfani, an ba ni gida a unguwar ma'aikata, inda gidajen suke jere a layi, fenti ɗaya, ƙofa iri ɗaya, kamar an buga su da hatimi. Nawa shi ne na ƙarshe a layinmu.

A garin nan komai a mota yake zuwa. Itace, buhun gero, saƙon gida, ruwa in famfo ya ɗauke, har goron da za ka ci. Kuma kowane direba in ya sauke maka kaya ba ya tafiya. Sai ya tsaya yana share gumi, yana kallon sama, yana sake tambayarka lafiyar iyalin da ya riga ya tambaya. Nufinsa ka sa hannu a aljihu. Wasu su ce kuɗin shayi, wasu su ce kado. Ni kuwa na ƙi jinin abin nan, kuma ban ɓoye ba. Mutum yana da albashinsa, motar ta kamfani ce, man na kamfani ne, to shayin me? Ni wa yake ba ni kuɗin shayi in na wuni ina buga takardu? Saboda haka in an sauke mini kaya sai in ce marsi, wato na gode da Faransanci, in shige gida. Ba a daɗe ba direbobi suka sa mini suna Malam Marsi (na ji sunan sarai, na yi kamar ban ji ba, a raina ma har ɗan alfahari nake yi da shi).

Tukuici kuwa dabam ne, wannan ban taɓa musunsa ba. In wani ya aiko maka da kyauta, dole ka ba wanda ya kawo wani abu da ya dace da girman kyautar, in ba haka ba ka raina wanda ya aiko. Da shi na tashi a gidanmu. Sai dai tun zuwana Arlit ba wanda ya taɓa aiko mini da abin da ya wuce gaisuwa, shi ya sa ban taɓa gwada kaina ba.

Da matata Rabi ta haihu, na je na gaya wa shugaban bironmu, wani Nasara mai yawan fara'a. Ya kama hannuna ya girgiza, ya ce in saurari saƙonsa a gida. Tun daga nan na fara gini a zuci. Wani lokaci in ce rediyo ne, wani lokaci in ce keken ɗinki.

Sai kuma maganar riga. Ranar ɗaurin aurenmu mahaifin Rabi, wani dattijon ɗan kasuwa na Tawa da ba ya maimaita magana, ya ba ni babbar rigarsa ta shadda, ruwan bula, da aikin hannu tun daga wuya har aljihu. Shi da kansa ya kai ta Kano aka yi mata aikin. Ba shi da ɗa namiji, kowa ya san abin da yake nufi da ba ni ita. Yanzu kuma ya aiko cewa yana tafe suna, kuma yana so ya gan ni a cikinta. Na fito da ita daga akwati na kai wa mai guga.

Ran nan da la'asar ina dawowa da rigar a kafaɗa, tana ƙamshin guga, sai na tarar da kamiyon kamfani, babbar motar ɗaukar kaya, a ƙofar gidana. Direban, Malam Ari, wani dogon mutumin Damagaram da na sha sallama da marsi, yana tsaye yana ba ƴan dako biyu umarni. Abin da suke saukewa kuwa firigo ne, firjin sanyaya ruwa, fari fat, ya fi Rabi tsawo. Na tambaye shi, ya ce saƙo ne daga kamfani, an ce ya kai gidan ƙarshe a wannan layi. Ban ƙara tambayar komai ba. Me zan tambaya? Ai Nasara ya ce in saurari saƙo.

Kafin a shigar da shi layi ya cika. Matan da suka zo barka suka fito, wata ta rangaɗa guɗa, maza suka zo suna shafa ƙofar firigon suna cewa lallai ana ji da ni a biro. Ana cikin haka sai Iya Tamo, tsohuwar da ke yi wa Rabi wankan jego, ta ɗaga murya ta ce, "To mai gida, kyauta ta shigo, saura tukuici."

Na laluba aljihu. Ragon suna ya riga ya cinye duk abin da ke ciki. Malam Ari ya fara share gumi yana kallon sama, mutane kuma suka zuba mini ido. A nan ne na ji ɗaya daga cikin ƴan dakon ya ce wa ɗan'uwansa, ƙasa-ƙasa amma yadda zan ji, ai Malam Marsi ne, su hau mota kawai. Wallahi maganar nan ta soke ni. A gaban mata, a gaban maƙwabta, ranar da aka aiko mini da firigo? Ban san lokacin da na zare rigar daga kafaɗata na yafa wa Malam Ari ba. Guɗa ta sake tashi. Ya riƙe rigar da hannu biyu yana ta godiya. Ni kuma na tsaya ina ɗaga hannu ina cewa ba komai, ba komai, kamar ina da irinta goma a akwati (ban da wata sai tsohuwar rigar Juma'a da wuyanta ya fara cin kansa).

Rabi ta bari har mutane suka watse. Sannan ta tambaye ni abin da zan gaya wa Baba. Na ce mata in ya sha ruwan sanyi a gidan ƴarsa, a tsakiyar wannan hamada, shi da kansa zai ce na yi daidai.

Washegari da hantsi kamiyon ya dawo. Malam Ari ne, da ƴan dakonsa, da Sanda, wani makanike mai gidan ƙarshe ta ɗaya gefen layin. Ashe layi ƙarshe biyu gare shi, ni da Malam Ari duk ba wanda ya tuna. Firigon na Sanda ne, ya saya a kantin kamfani ana cirewa daga albashinsa, jiya yana wurin aiki, matarsa kuma ta tafi ganin gida. Aka fito da kwalaben ruwanmu da kwanon furar Rabi aka jera a ƙasa, aka ɗauke firigo. Malam Ari ya ba ni haƙuri sosai, ya ce kuskurensa ne. Maganar riga kuwa ko da wasa bai tayar ba. Saƙon Nasara ya iso da yamma: gwangwanin madara da ƴar hular jariri.

To a nan ne raina ya fara tafasa, kuma har gobe ina ganin ni ke da gaskiya. Tukuici saboda kyauta ake ba da shi. Kyauta ta koma, me ya sa tukuici ba zai dawo ba? Na tambayi Sanda, ya yi dariya har da riƙe ciki. Na tambayi limamin unguwa a fakaice, kamar wani ne abin ya samu, ya dube ni ya ce ai shi ma yana wurin. Duk wanda na tuntuɓa amsarsa ɗaya: abin da aka ba da a gaban jama'a har aka yi masa guɗa, ba a zuwa a ce a maido. Wa ya kafa wannan doka? Kuma me ya sa ba a kafa wadda ta ce direban da ya kai kaya gidan da ba shi ba ya ji kunya ya maido da abin mutane? Rabi dai ta ce ita ba ruwanta da doka, Baba yana hanya, in tashi in je.

Na tafi garaji da maganata a shirye, na maimaita ta a hanya har ta zauna. Na tarar da direbobi a inuwar wata babbar mota suna dafa shayi. Malam Ari yana hango ni ya miƙe, ya ba ni kujerarsa, ya ba ni kofin farko. Sannan ya juya ga ƴan'uwansa ya ce daga yau duk wanda ya sake kirana Malam Marsi shi da shi ne. Ya ce tun da ya fara riƙe sitiyari, ba Nasara ba, ba Alhaji ba, ba wanda ya taɓa yi masa abin da na yi masa. Suka ɗaga hannu suka yi mini addu'a, suka yi wa jariri. Wani tsoho a cikinsu har ya nemi gafarata. Na buɗe baki in ce a ba ni rigata, sai na ji kaina ina cewa gobe suna, ina gayyatarsu duka.

Surukina ya iso da yammacin ranar. Da safe, bayan an raɗa suna an yanka rago, ya zauna a kan darduma a ƙofar gida, mutanen layi kewaye da shi. Na zo cikin tsohuwar rigata na tuɓe takalmi na durƙusa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi ina riga. Na ce tana wurin mai guga, bai gama ba. Ya gyaɗa kai.

Bai gama gyaɗa kan ba sai ga riga tana tahowa daga bakin layi, ruwan bula, tana walƙiya a rana, Malam Ari a cikinta, direbobi a bayansa. Ni na manta, shi bai manta ba: wanda aka ba riga yakan sa ta ya zo gaban wanda ya ba shi don ya nuna godiya. Abin haushin ma, ta fi yi masa kyau, don ni kullum sai na tattare ta. Kai tsaye ya nufi dattijon wurin ya durƙusa ya gaishe shi.

Surukina ya amsa, ya kai hannu ya taɓa aikin aljihun, ya ce, "Malam, rigag ga, ina kas samo ta?"

Malam Ari ya ba da labari da murna: yadda ya kawo firigo, yadda wannan bawan Allah ya zare riga daga kafaɗa ya yafa masa. Nan ya tsaya, bai faɗi abin da ya faru washegari ba, wai shi yana rufa mini asiri. Surukina ya ce madalla, wanda aka ba firigo in ya yi tukuici da riga bai yi ɓarna ba. Har na fara tunanin Allah ya fid da ni.

Sai ya ce, "To a kawo muna ruwan sanyin mu sha, mu ga abin da rigata tas saya."

Duk wanda ke zaune a wurin ya san inda firigon yake. Wannan ya dubi ƙasa, wancan ya shiga gyaran hula. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja dardumar in rufe. Can Sanda ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, bari in je gidana in ɗebo, can yake."

"Mi yak kai shi gidanka?"

"Ai nawa ne, Baba."

Surukina ya juyo gare ni a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ke nan ba riga, ba firigo." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "Shi kau mai guga, ga shi nan ya gama." Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, daga nan kowa ya saki tasa, har da matan da ke leƙe ta bakin ƙofa. Malam Ari ya fara ƙoƙarin cire rigar, surukina ya hana shi, ya ce ya riƙe, abin da aka ba shi nasa ne.

Sanda ya dawo da kwalba tana raɓa. Surukina ya sha har ya ƙoshi, ya yi hamdala, sannan ya ciro goro fari daga aljihu ya miƙa wa Sanda, idonsa a kaina. Ya ce, "Ga tukuicinka. Ni sai abu ya shiga cikina nika badawa."

Tun daga ranar nake ba kowane direba ɗan kuɗin shayinsa, ina bayarwa ina ƙunƙuni, don har yanzu ban yarda da hujjar ba. Na dai gane cewa da ina ba da kaɗan-kaɗan tun farko, da raɗar ɗan dako ba ta tuɓe ni a bainar jama'a ba. Kuma ba a sauke mini ko tsintsiya sai na tambayi sunan mai ita, da ta wane gefe aka shigo layi. Surukina bai sake ba ni riga ba har ya bar duniya. Hula kawai yake aiko mini duk Sallah, kuma bai taɓa ba wa kowa ya kawo ba sai Malam Ari, wanda yakan zo cikin rigar nan, ya miƙo hular, ya tsaya yana kallon sama.