Rasuwar Firintar Baba Istifanus, Mako Uku Kafin Bikin Celina

Da zuciya mai nauyi, rabi baƙin ciki rabi takaici, iyalan Baba Istifanus na unguwar Romi suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da 'yan coci rasuwar firintarsu mai tawada kala-kala, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin falo. Ta rasu tana da wata goma sha ɗaya a gidan. Takarda biyu ta buga a rayuwarta: ta gwaji ranar da aka kawo ta, da wata wadda ko ƙarasa ta ba ta yi ba.

Marigayiyar ta shigo gidan ne shekara huɗu bayan komawar soja bariki, a watan da masaƙa ta sallami Baba bayan shekara goma sha tara a sashen rini. A shagon da aka saye ta akwai wata ƙatuwar mummuna wadda baƙi da fari kawai ta sani. Shekari, ƙanin matar Baba, mai buga wa mutane takardu a unguwar Trikania, ya ce, "Yaya, ɗauki mummunar nan. Mai kalar in ba a yawan aiki da ita bushewa take yi." Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Ni za ka koya wa kala? Atamfar da ke jikin matarka, wa ya rina ta?" Ya sa aka naɗe masa kyakkyawar.

Ba don gayu ya saye ta ba. An sa ranar auren 'yarsa Celina, kuma dangin ango sun ɗauki abinci, rumfuna da motoci, don kowa ya san halin da masaƙa ta bar mutane. A zaman iyayen, Baba ya miƙe ya ce, "Katin gayyata dai ku bar mini. A gidana za a buga, da hoton 'yata, mai kala." Abu ɗaya ke nan da ya rage masa ya yi wa 'yarsa da hannunsa.

Za a tuna da marigayiyar da kawaici da son jiki. Ba ta taɓa damun kowa da aiki ba. An lulluɓe ta da farin leshin Mama, an jera ta da kwanukan baƙi waɗanda ba a ci a ciki. Mama ta zo da wasiƙar zumuntar mata, aka hana. Celina ta zo da takardar neman aiki, aka hana. Amsar ɗaya ce: "Kada a taɓa mini tawadar biki." Kullum da safe Baba zai ɗaga leshin, ya goge ta, ya mayar. Ita kuwa munafuka tana kwance tana shan gata, cikinta na bushewa, ko tari ba ta yi ba bare a gane.

Jinyar gajeriya ce. Celina ta tsara katin a tsohuwar kwamfutarta, Baba ya yaye leshi da kansa. Marigayiyar ta ce jiiik, jiiik, ƙwas, ta haɗiye takarda, ta dawo da ita fara ƙal yadda aka ba ta. Sau biyar tana wannan rashin kunyar. Labari ya kai Trikania, Shekari ya aiko a kawo masa aikin ya buga. Baba ya ce bai mutu ba tukuna. Ya jawo gwangwanin ragowar rinin da ya taho da shi daga masaƙa, ya dama da ruwan ɗumi, ya tace da hankici har sau uku, ya sayo sirinji a kemis ya ɗura mata. Gaskiya haɗin ya yi kyau. Da yadi aka ba shi, da an ga aiki.

Ta sha, ta yi gurnani, ta fara turo takarda a hankali. Sai ga ɗankwalin Celina, ga goshi, ga idanu, duk shuɗi. Baba har ya fara kiran Mama ta zo ta gani. Daidai kan hanci abin ya tsaya. Ta ce ƙyat, ƙyat, ta amayar da shuɗi a kan tebur da leshi, 'yar fitilarta ta ƙifta sau biyu ta mutu. Mai gyara da aka kira ya leƙa, ya sunsuna, ya tambaya ko wanki aka yi a ciki.

Uban ango ya ji, ya ce ba komai, ai duk ɗaya ne. Wannan "ba komai" ta fi zagi yi wa Baba ciwo. An buga katin jiya a shagon Shekari, a cikin irin mummunar nan, baƙi da fari, babu hoto.

Marigayiyar ta bar kwamfuta guda, wayoyinta biyu na jonawa, kwalinta da har yanzu yake sabo, damin takarda mai kauri da ba a taɓa ba, da leshin Mama wanda ba zai sake zuwa coci ba. Mama ta ce ta yafe wa kowa, ban da mamaciyar.

Za a fitar da gawa ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, idan mai sayen gwangwan ya zo da baronsa. Ba a gayyaci fasto ba, ana kuma roƙon zumuntar mata kada su ɓata waƙarsu. Masu ta'aziyya su zo da gaisuwa, su bar shawara a gida. Shekari zai iya zuwa, da sharaɗin ba zai buɗe baki ba.

Abu ɗaya ne ba zai bi gawar ba. Baba ya dunƙule rabin fuskar nan ya jefa a kwandon shara, Celina ta ciro ta, ta bi ta da dutsen guga, ta sa a akwatin da za ta tafi da shi ɗakin miji. Ta ce katin babanta ke nan, wancan na jama'a ne. Saboda haka duk wanda ya zo ya tarar da idon Baba ya yi ja, ya yi gaisuwarsa ya wuce. Baba ya ce rini ne ya faɗa masa a ido.