Sunan da Sada Ba Ya Faɗa

"…da iyali, da gajiya, da tsufa? Don tsufan nan naka ya cancanci gaisuwa tashi daban, ya yi aiki."

"Lahiya lau, baiwa. Shigo ki ja ƙofa."

Zagin ya shiga, amma yau Sada ba shi da ƙarfin ramawa. Hajo ɗiyar kawunsa ce, taubashiyarsa, mai shagon buga takardu a Ƙofar Guga cikin Katsina. Shi kuwa ya tsufa a kan tafireta a wata ma'aikata, sai da sojoji suka koma bariki gwamnatin farar hula ta ɗauke tafiretar ta ajiye masa kwamfuta. To, tambayoyin jarrabawar ƙarin girma da ya buga a cikinta sun fita, har an gan su a hannun masinjoji. Darakta ya ba shi takardar tuhuma, ya ce kafin la'asar ko ya kawo bayani ko ya kwashe kayansa. Shi ya sa ya aika a kira ta.

"Da me aka saye ka?" in ji Hajo. "Goro ko tsire? Bawa ya yi ciniki bai kawo wa uwargijiyarshi ko tsinke ba."

"Wallahi ban ba kowa ba. Kuma ni kaɗai na san kalmar sirrin buɗe ta. Kalma ce da bakina bai taɓa furtawa ba tun da nike."

Hajo ta dube shi, ta dubi kwamfutar. Ta ja kujera ta zauna, ta gyara mayafi, ta danna haruffa huɗu da yatsa ɗaya. Kwamfuta ta buɗe.

Sada ya dafe tebur. "Dama an ce a gidanku akwai maita. Ni ne nike kare ku."

"Almu," in ji ta, da ƙarfi yadda na waje ma zai ji.

Sada ya kawar da kai kamar an watsa masa ruwa. Almu ɗan farinsa ne, kuma kamar kowane uba mai kunya, bai taɓa kiran sunan ba. Yaron ya yi gemu ya yi aure, har yau "wancan" yake ce masa.

"Wa ya hwaɗa maki sunan yaron nan na sa?"

"Kai. Yanzun nan. Akwai wata kalma a duniya da bakinka ke tsoro in ba ita ba? Kai don ba ka hwaɗa, sai ka ɗauka Katsina ba ta ji ba? Na ci naman sunanshi, ƙashi ma ka ba ni. Mai shayin bakin ƙofar ma'aikatar nan Baban Almu yake ce maka. Ka kulle ɗaki, ka rataya makullin a goshinka, kana yawo."

"To na ji. Yanzu ki zage ni a kan aikina ko a kan titi? La'asar ba ta jira."

"Ce 'ranki ya daɗe'."

"Ranki ya daɗe a wahala."

"Na karɓi rabin farko."

Ta buɗe fayil ɗin tambayoyin, ta shiga inda kwamfuta ke ajiye bayaninsa, ta sa yatsa a gilashi.

"Zo da idanun nan naka huɗu. Wannan abu ba ya mantuwa irinka. Ga ranar ƙarshe da aka buga takardar nan ta hito. Asabar. Ina kake ran Asabar?"

Sada ya miƙe a hankali. "Daura. Ta'aziyya. A motar Darakta. Ni ne a gaba, kusa da direba."

"Kai a gaban mota? Lallai mulkin farar hula ya zo."

Sada ya zabura. Ya fita da takalmi ɗaya a ƙafa, ya komo da Darakta. Mutumin ya sunkuya ya karanta ranar, ya tuna da hanyar Daura da rogon da suka ci tare a hanya, ya tuna kuma makullin ofis a wajen masu gadi yake kwana ranar hutu. Ya karɓi takardar tuhumar ya yage ta.

"Malam Sada, a yi haƙuri. Sauran binciken nawa ne. Amma a canza kalmar nan yau."

Da ƙofa ta rufe, Sada ya ƙara tsawo. Ya karkata hula.

"Tashi mani daga kujera, baiwa. Ma'aikaci zai zauna."

"Ka ga butulci tun gumi bai bushe ba. To saurara. Sabuwar kalmar, ka yi ta da tsawo, ka cakuɗa da lambobi. Ban da sunan ɗa, ban da na mata, ban da lambar mota, ko da yake ko keke ba ka da shi. Kada ka rubuta ka liƙa ƙarƙashin tebur. Kuma kada ka hwaɗa ma kowa."

"Juya baya."

Ta juya. Yatsun da suka saba da tafireta suka sauka kamar ruwan sama a kan kwano. Yana bugawa yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Bismilla, mayya. Gwada."

Hajo ta sa wa kwamfuta sunan matarsa. Ta ƙi. Ta sa unguwarsu. Ta ƙi. Ta sa tuwo da miyar kuka, don ta ce nan hankalinsa yake kwana. Ta ƙi. Sai ta sassauta murya.

"Yaya Sada, raɗa mani in duba maka ko tana da ƙarfi. Ni da kai ai jini ɗaya ne."

"Yau na zama Yaya?"

"In ka manta hwa? Kai da kake neman hularka tana kanka."

"Wannan ba ta mantuwa. Zaginki ne. Daga yau kullum da sahe sai na zage ki kahin in soma aiki, kuma gwamnati ke biya na."

"Kai wawa, ai ka ba ɓarawo hanya."

"Bari ya bi. Aibinki ya hi tsakuwar Katsina yawa. Kahin ya lalubo wanda na zaɓa, jikokinshi sun yi ritaya."

Hajo ta buɗe baki za ta rama. Dariya ta ƙwace mata har ta riƙe ciki. Ta zuge jaka ta fiddo ƙullin kilishin da ta sayo wa yaranta, ta dire a gabansa.

"Ungo. Da ka hwaɗa mani, da na kai ƙararka wajen Darakta da kaina. Ka ci, Baban Almu."

Sada ya kawar da kai daga sunan, ya miƙa hannu ga kilishin.