Yadda Sallau Ya Yi Jinyar Gashin Kuluwa

Ku gyara zama, yau mijin yayata zan fallasa. In labari ya kai kunnensa ya kai, ai ni ƙanwar matarsa ce, tsokanarsa halal ce a gare ni.

Sunansa Sallau. Dogo ne, ga ƙarfin aiki, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, ba ya ƙin aike. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Gidansu shi kaɗai ne a ƙetaren gulbi, bakin gona, daga shi sai yayata Kuluwa sai awaki uku. Mu kuwa muna cikin gari, Tungar Marke, ni da Goggo Dudu, ƙanwar babanmu, wadda ita ce makitsiyar garin.

Kuluwa tana da gashi, masha Allah, cikakke, baƙi wuluk, mai ƙananan murɗe-murɗe, irin wanda in ka bar shi kwana biyu ba mai sai ya bushe ya kama juna. Ba banza ta same shi ba. Shekara bakwai da suka wuce zazzaɓi ya kwantar da ita, aka aske mata kai ƙwal, ta yi shekara biyu ko a ɗaki ba ta cire kallabi don kunya. Tun daga nan ta yi rantsuwa aska ba za ta ƙara hawa kanta ba.

To, a tsakiyar damina, ranar da ta tsefe kitsonta za ta zo wurin Goggo, santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, hannun dama ya karye. Maɗori ya ɗaure, ya ce kwana arba'in. Washegari gulbi ya cika ya batse, sai maza masu iyo da gora ke ƙetarewa. Goggo ta aika mata saƙo ba tare da ɓoye-ɓoye ba: in gashin nan ya bushe ya dunƙule kafin ruwa ya janye, babu makitsiyar da za ta iya warware shi, sai aska. Kuluwa ta yi kuka har idonta ya kumbura. Sallau ya ce ta share hawaye, shi zai riƙa ƙetarewa yana karɓo bayani.

Wata rana, ita ce ta farko, ya iso gidanmu ruwa na ɗiga daga wandonsa. Goggo ta ce, "Irin gashin Kuluwa ruwa yake so. Kada ka bari ya bushe." Ya ce to. Yana komawa ya cika buta ya tsaya a bayanta. Ta je madafa, ya bi ta, ya tsiyaya mata, ruwa ya gangara ya kashe wutar. Ta zauna cin tuwo, ya tsiyaya, miya ta tsinke.

"Malam, don Allah ka bar ni haka. Jiƙe yake sharkaf!"

"Nan bayan kunne ya fara shan iska."

Ya ƙara tsiyayawa. Kwana uku ana haka mura ta kama ta, duk atishawar da za ta yi sai karayar ta amsa.

Wata rana ya dawo ya ba da labarin murar. Goggo ta riƙe haɓa. "Kai ɗan nan, yayyafawa ake yi! Kuma ruwa kaɗai guduwa yake, sai an bi shi da man kaɗanya ya riƙe shi. Ka tabbata kowane gashi ya samu, kada ka bar ko ɗaya." Sallau ya koma ya zaunar da Kuluwa a inuwa, ya samo tsinken tsintsiya. Ya zaro silin gashi ɗaya, ya shafa masa mai tun daga tushe har baki, ya kwantar da shi gefe, ya zaro na biyu. Tun hantsi har la'asar, wurin da ya gama bai kai faɗin goro ba. Wuyan Kuluwa ya sage.

"Yaushe za ka gama?"

"In Allah ya yarda, kafin a yanke gero."

Bai rufe baki ba ƙuda ya sauka masa a hanci. Ya kore shi, ya duba, ya rasa inda ya tsaya. Don kada ya zalunci wani gashin, sai ya faro daga farko.

Wata rana Goggo ta ce masa, da ɗan tsawa, ba haka ake yi ba. "Raba shi za ka yi kashi huɗu, daidai wa daida, ka bi kashi-kashi." Shi kuwa Sallau rabo ɗaya ya taɓa gani an yi daidai wa daida, rabon gonar kakansu, kuma ya san yadda aka yi shi. Ya tsaya a bakin gona ya kirawo manoma biyu da suka ƙetaro aiki, ya ce su zo su yi masa shaida. Suka biyo shi, suna zaton gado ne. Kuluwa tana zaune kai a buɗe sai ta ji sallamar maza a ƙofar gida. Ta zabura ta faɗa ɗaki, ta tura ƙyaure da ƙafa.

"Kuluwa, fito, ga shaidu."

"Shaidun me?"

"Na rabo. Kada gobe wani kashi ya ce an cuce shi."

Mutanen nan sun yi dariya har ɗaya ya zauna a kan turmi. Kafin Juma'a duk Tungar Marke ta ji, kuma ni aka riƙa tarewa a hanya ana tambayata wa ya samu kashin ƙeya.

Wata rana Goggo ta ba shi mataji na katako mai manyan haƙora. Ta ce, "A hankali za ka bi. In ta ce wash, ka cire hannunka." Ya koma ya cusa mataji a tsakiyar kai. Bai ma ja ba, cinnaka ta ciji Kuluwa a ƙafa, ta ce wash! Sallau ya cire hannu, ya bar mataji a tsaye. Ta ce ya zare, ya ce Goggo ba ta faɗi lokacin da zai mayar da hannun ba, sai ya je ya tambayo. Ranar kuwa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gulbi ya hana kowa ƙetarewa har kwana huɗu. Kuluwa ta gwada zarewa da hagu, gashi ya ƙara nannaɗe shi. Haka ta yi ta yawo a tsakar gida, kallabinta a tsaye kamar zankon zakara, tana zagin cinnaka da danginta.

Wata rana, da aka samu matajin ya fita tare da gashi cikin hannu guda, Goggo ta ce kan nan wanki yake so, da karkashi, don yauƙinsa ya sassauta ƙulle-ƙullen. "Ka haɗa shi yadda ka ga Kuluwa tana haɗawa." Wayyo! Sallau bai taɓa ganin matarsa tana wanke kai ba, a bayan ɗaki take yi. Karkashin da ya ga tana haɗawa na miya ne. Ya hura wuta, ya sa daddawa, ya sa kanwa da gishiri, ya daka barkono, har da ɗan busasshen kifi. Ya bari ta huce, don shi ba mugu ba ne. Ya ce ta rufe ido, ga ta kuma mura ta toshe mata hanci, ya juye mata a ka. Da barkono ya isa fata, ihun da ta yi har masu noma a ƙetare sun ɗaga kai. Ta wanke iya abin da hannu ɗaya zai iya, amma yini guda ƙudaje na yi mata rakiya, awaki na lasar mata wuya.

Wannan karon Goggo ba ta yi dariya ba. Kwana talatin da uku ke nan da karayar, kuma daga bayanin Sallau ta gane gashin ya cukurkuɗe ya zama curi guda. Ta nuna shi da yatsa. "Ka kashe wa yarinya kai. Ruwa ya fara janyewa, ran Juma'a zan zo da aska. Kafin nan kada ka sake yi wa kan nan abin da ba ka iya ba. Abin da ka iya, shi za ka yi!" Ni da nake tsaye a wurin na san nufinta ya koma gonarsa. Na tausaya wa yayata ƙwarai, don na tuna shekaru biyun nan da ta yi kai a sunkuye.

Wata rana, washegari ke nan, Sallau ya zauna yana lissafa abin da ya iya da yatsunsa. Ya iya noma, amma babu wurin sa fartanya a kan mutum. Ya iya iyo, shi ma ba zai yiwu ba. Saura tufkar igiya, wadda duk yankin nan babu mai yi kamarsa. Ya ɗauko tabarma da ƙwaryar ruwa ya kira Kuluwa. Ita kuwa ta riga ta fid da rai. Ta ce, "Yi abin da ka ga dama, Malam. Aski ne ƙarshensa." Ta zauna hawaye na zuba.

Shi kuwa ya bi gashin yadda yake bin rama. Mai tufka ya san rama in ta cukurkuɗe ba a fizgarta, jiƙa ta ake yi kaɗan a warware da yatsu daga baki, a hankali. Ya san ba a tufka da busasshen hannu, sai ya murza man kaɗanya a tafinsa kamar kullum. Ya ware ɗan kashi, ya raba biyu, ya murɗa, ya tufke har ƙarshe, ya ɗauki na gaba. Kwana biyu yana yi. Da ya gama ya so ya ɗaura akuya a jikin igiyar gashin guda ɗaya ya gwada ƙarfinta, nan ne kawai Kuluwa ta yi masa tsawa.

Ran Juma'a muka ƙetara, ruwa iya gwiwa, ni da Goggo, aska a ƙulle a bakin zanenta. Kuluwa ta zare kallabi ba ta dubi kowa ba. Goggo ta ga igiyoyi sun fi arba'in suna reto, ta saki salati. "Yau kuma akuya ka mayar da ita?" Ta kama ɗaya ta warware don ta ga inda aska za ta fara. Gashin ya buɗe da laushi, yana sheƙi, kowane murɗi ya fito a jere, in ta ja ta saki sai ya koma. Ta warware ta biyu, ta warware ta uku, ta cusa yatsu har tushe, ba ƙulli ko ɗaya.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ke kika ce, Goggo."

Goggo ta mayar da aska bakin zane ta ƙulle. Kuluwa ta kai hannun hagu ta taɓa kanta, ta sake taɓawa, sai ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Da maɗori ya zo ya kwance ɗauri, Kuluwa ta dubi mijinta ta ce hannun nan in ta ɗaga shi zuwa kai ciwo yake yi, bai gama warkewa ba. Yau shekara huɗu ke nan, duk Alhamis za ka same su a inuwa, da ƙwaryar ruwa da man kaɗanya. Ni kuwa da idona na ga Kuluwa tana daka, tana cilla taɓarya sama tana tafi kafin ta cafe. Rannan na kasa haƙuri, na tare shi a bakin gona.

"Sallau, kai ba ka ganin matarka tana daka da hannu biyu?"

"Ina gani."

"To?"

"Ai ba ta ce ya warke ba." Ya saɓa fartanyarsa, ya yi taku biyu, ya juyo. "Ke ma kada ki tambaye ta."