Ranar da Na Mai da Kawu Sule Ɓarawo

Ba zan taɓa mantawa da fitata ta farko wajen aikin riga-kafin kaji ba. Ran kasuwar Kibiya ce, aka tara mini mata masu kiwo a wata rumfa bayan 'yan hatsi. Bara cutar nan mai murɗe wa kaji wuya ta share musu akurki, amma duk da haka sun ƙi yarda a ɗiga wa kajinsu magani a ido. Oga ya ce ko in shawo kansu, ko in koma ofis in ci gaba da wanke kwalabe.

Ni kuwa lokacin boko na cina. Na ce sai sun fahimci abin tun daga tushe. Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, shi ya kawo ni a babur daga Rurum, sai na roƙe shi ya taya ni ɗan wasan kwaikwayo.

Na ɗauki lasifika (wadda ba wanda ya ce in ɗauka, matan ba su fi cikin rumfa ba). Na ce musu jikin kaza kamar gari ne mai gidaje. Idan ƙwayar cuta ta shiga gida ɗaya, gidan yakan saki wani sinadari, intafiron, wanda shi ne kururuwar da ke sa maƙwabta su kulle ƙofa. Ita kuma cutar kajin nan, muguwa, tana zuwa da abin da take toshe bakin mai ihun, ko ta toshe kunnen maƙwabtan, har ta gama ɓarnarta gari na barci.

"To ku duba," na ce. "Ni ne gidan, Kawu ne cutar."

Na cika ƙirji na kwarara, "Ɓarawo! Ɓarawo! Jama'a ku taimaka!" Kawu ya zagayo ta baya ya damƙe mini baki, kamar yadda muka shirya.

Jama'a, a kasuwa fa! Kafin ƙiftawar ido rumfa ta cika da sanduna. Mahauta, 'yan dako, har wani Bafillatani da ya saki akuyar da yake ciniki. Me suka tarar? Ƙato ya shaƙe ɗan saurayi mai farar riga. Aka yi sama da Kawu, hularsa ta yi gabas, takalminsa ya yi yamma.

"Kai ɗan nan, yi magana mana!" yake ihu. "Gaya musu ni cuta ce!"

Ni da na iya surutu, sai na ja da baya. Lasifikar kuma na hannuna.

Hajiya Lami, shugabar matan, ita ta fizge ta. "Ku sake shi, kawunsa ne! Wasa suke!" Da ƙura ta lafa ta juya ga matan tana dariya har da hawaye. "Kun gani ko? Ihu ya fita, gari ya kawo ɗauki. Da ya riga shi toshe bakin fa?"

"Da shike nan," in ji wata tsohuwa. "To Malam, ɗigon naka me yake yi?"

Da ƙyar na ce, "Nuna wa jikin kaza fuskar ɓarawon yake, Baba. Ko ba a yi ihu ba, za a gane shi."

Washegari kwandunan kaji suka yi layi, har daga Zurgu. Kajin da muka ɗiga wa suka tsallake shekarar.

Ina godiya ga Hajiya Lami har gobe, amma ta Kawu ta fi. Ya ɗauko ni muka koma gida leɓensa a kumbure, bai gaya wa mahaifiyata ba, kuma bai yi mini faɗa ba. Da muka kusa Rurum sai ya ɗan waiwayo.

"Gaba in za ka sake," ya ce, "ni ne gidan."

Tun daga ranar, in zan koyar da intafiron, a hankali nake faɗin ɓarawo, kuma ba ran kasuwa ba.