Rasuwar Bulbul, mai shelar zuwan ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro wanda ya fara bushewa, ni Iftikhar Zuberi na unguwar Korangi a Karachi nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Bulbul, na'urar da ta daɗe tana yi mana shelar zuwan ruwa. Ta cika ranar Lahadi bayan azahar, a kan teburin cin abinci, bayan gajeriyar tiyata.

Marigayiyar ba ta fi tafin hannu ba. An haife ta a kan allon nan mai huda-huda, wanda layukan jan ƙarfe suka ratsa bayansa, aka jera mata 'yan kayan da aka ciro daga gawar wata rediyo, aka liƙe su da dalma. Gwangwanin alewa ne gidanta. Wayoyinta biyu suna cikin bututun ƙofar gida, ruwa na taɓa su sai ta tsala ihu: ƙiiiii! Muryar tamkar ta akuyar da ƙofa ta datse, shi ya sa maƙwabta suka raɗa mata sunan tsuntsuwar nan mai daɗin waƙa.

An shaide ta da riƙon amana. Ruwan layinmu ba shi da rana, ba shi da sa'a, in ya zo kuma ba ya zama shan shayi. Wanda ya riga kunna injinsa na jan ruwa shi ke cika tanki, wanda ya makara ya zuƙi iska. Tun da Bulbul ta kama aiki ba mu taɓa makara ba. Tana ihu za ka ga mutum ya fito da kumfar aski a rabin fuska, mata su bar biredi yana ƙuna a kasko, injuna su tashi gaba ɗaya. Mutanen layin baya sun sha yi mata Allah ya isa.

Ba ta taɓa ciwon kai ba. Wani masani a cikin iyali, wanda dangi suka ga ya fi kyau a sakaya sunansa, shi ya ga ya dace a ƙara mata 'yar fitila mai ƙiftawa. Uwargidan masanin, Rukhsana, ta ce, "Baban Nimra, mai lafiya kake kai wa asibiti? Akwai kurma ne a layin nan da sai ya ga fitila?" Masanin ya amsa da cewa ilimi ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Aikin kuwa yanka ɗaya ne. A irin wannan allo, kaya suna fuska, layukan suna baya. Masanin ya ƙirga ramuka ta fuska, daga hagu, ya ƙirga har sau uku don shi ba mutumin gaggawa ba ne. Sannan ya kife allon, ya sake ƙirgawa daga hagu, ya murza bakin abin huda. Ya manta cewa abin da aka kife, hagunsa ya koma dama. Ya yanke lafiyayyen layi, ya bar wanda ya kamata a yanke. Da aka ba ta wuta sai ta ce ƙit, sau ɗaya, a hankali, kamar mai neman gafara. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Rukhsana ta buɗe taga.

Ta rasu ta bar injuna a kowane gida, da tankuna masu raguwa, da ƙanwa guda da aka fara haɗawa washegari, wadda har yanzu ba ta yi kukan haihuwa ba, sai ɗumi take yi. Masanin bai taɓa zana tsarin marigayiyar ba, yana cewa yana nan a kansa. An duba kan, ba a samu komai ba.

Ranar Talata ruwa ya zo muna cin shinkafa. Ba mu sani ba sai da muka ji injunan layin baya suna ruri. Kafin mu kai ga makunni ya wuce. Da la'asar Haji Mushtak, dattijon layinmu, wanda zai aurar da jikarsa ranar Juma'a, baƙi kuma suna hanya daga Multan, ya zo ya ƙwanƙwasa tankina da sandarsa. Tankin ya amsa kamar ganga.

Ya ce, "Malam Injiniya, ina fitilar? Mun zo kallo."

Na ce, "Haji, haƙuri za a yi, kowane mai rai mamaci ne."

Ya ce, "Haka ne, ɗana. Kowane." Ya daɗe yana dubana kafin ya tafi.

Tun daga ranar yara sun daina buga ƙwallo a ƙofata. Mai shagon shayi yana ba ni kofi rabi. Zafi yana ƙaruwa, bututu kuma yana wani gurnani can ƙasa wanda ba ruwa ba ne.

Za a yi jana'iza a bayan gida, gindin bishiyar gwaba, a ranar da ruwa ya dawo, domin mai makoki ba shi da izinin matsawa daga inda mutanen layi suka ajiye shi. Ana karɓar gaisuwa a bakin bututu, inda za a same shi durƙushe, kunne a manne da ƙarfe. A yi magana ƙasa-ƙasa. Ba za a raba shayi ba, mai zuwa ya taho da ruwansa, in da hali ya bar ragowar. Idan kuma ruwan ya sake wucewa kafin Juma'a, Haji Mushtak ya ɗauki nauyin buga sanarwar rasuwa ta gaba da kansa. Ya riga ya aiko a ba shi hotona.