Wa Ya Rina Malam-Buɗe-Littafi?

"Lafiya lau, mai gidana. Yau kuma gaisuwar daga tsaye ake yi?"

"Ki riƙe gaisuwarki, tsohuwa. Ƙara na kawo."

Ndatsu ke nan, jikan Nna Bintu, ɗalibin kwalejin horon malamai da aka turo firamaren Bosso gwajin koyarwa. Washegari sufeto zai zauna a bayan ajinsa ya ga darasinsa kan malam-buɗe-littafi, in ya faɗi kuwa sai ya maimaita shekara. Ya kafe guda goma da allura a kan kwali, kiyashi suka cinye masa ɗaya daga cikin jajayen biyu. Jiya da yamma ya kamo wani a bakin rafi, ya sa a ambulan cikin gaggawa, ya bar shi a ɗakin kakarsa. Yanzu ga shi tsaye da kwali a hannu, yana huci kamar kan jirgin ƙasa. Ita kuwa tana ɓarar gyaɗarta, ko a jikinta.

"Ja na ajiye miki. Dubi abin da na tarar! Rabin fiffike ja, rabi shuɗi. Bularki ta wanki ce ta zube masa."

"Ni? Ni da rabona da wanki tun da na auri malalaci irinka, wanda ko sabulu ba ya kawowa?"

"Kada ki kawar da zance. Wa ya buɗe ambulan ɗin?"

"Na buɗe mana. Na zaci wasiƙar wata yarinya ce, in je in fasa mata baki. Sai na tarar da gawar ƙwaro. Ka ban kunya, wallahi. Samari na farautar barewa, nawa mijin na bin ƙwari da ragar sauro."

"Ilimi ne, ba ki san shi ba. Shekara nawa gare ki, tamanin? Ko harafi ɗaya ba ki iya ba."

"Talatin da biyu."

"Haƙoranki ma sun fi haka tsufa, guda ukun da suka rage."

"Su ukun sun ishe ni in cije ka."

Haushi ya ishi Ndatsu. Gaskiya abin da tausayi, don yaron ya yi mako uku yana faɗawa cikin ƙaya saboda wannan kwali.

"Nna, ba wasa nake ba. Na rubuta a takardar darasi cewa ja iri ne daban, shuɗi iri ne daban. Ga shuɗin nan a kafe. In sufeto ya nuna wannan mai rabi da rabi ya ce mene ne, me zan ce? In ce kakata mariniya ce? Jefar da shi zan yi, in tafi da tara."

"Jefar mana. Kai ma da an jefar da kai ranar suna da mun huta. Miƙo nan in gani."

Ta goge hannu a zane, ta kawo kwalin dab da hancinta.

"Wa ya ce maka iri biyu ne?"

"Ido ne da ni."

"Na ado. Dubi shuɗin naka da kyau. Ba ka ga jan ɗigo a jere a gefen fiffikensa ba? Jan gidansu ne bai gama barinsa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wanda ya fito da damina ja ne, wanda ya fito bayan ɗaukewar ruwa shuɗi. Wannan kuwa a tsakani ya fito, bai san inda ya dosa ba. Kamar kai ke nan: ba Banufe ba, ba Bature ba."

"Ƙarya kike yi, tsohuwa. A wace makarantar aka koya miki?"

"A gonar dawa, shekara hamsin."

"Ɗazu kika ce shekarunki talatin da biyu."

"Da wuri na fara. Tashi mu je, ka riƙe mini hannu, mutane su san ina da miji ko da na banza ne."

Ta ja shi bayan gida, ta sa shi ya durƙusa da farin wandonsa ya leƙa ƙarƙashin rumbu. Can cikin inuwa ga su nan sun taru sun fi ashirin, yawanci shuɗɗa. Ta zura kara ta motsa, suka tashi fir. Biyu suka sauka a jikin danga suka buɗe fuka-fuki, ja da shuɗi a cakuɗe, sak irin nasa.

"To, malam. Su ma ni na bi su da bula?"

Ndatsu ya tsaya yana kallon danga yana kallon kwali. Kunya ta kama shi, daɗi kuma ya fi kunyar yawa, don ya gane abin da ya so jefarwa shi ne ma darasin gaba ɗaya.

"Ja a hagu, shuɗi a dama, wannan a tsakiya," ya ce a hankali. "Sai in sake rubuta takardar yanzu. Amma Nna, sufeton nan ba ya yarda da magana sai ya ji inda aka samo ta. In ya ce a wane littafi na karanta fa?"

"Ka ce malamin ne da kansa ya buɗe maka littafin, a jikin dangar matarka."

Dariya ta ƙwace masa har ya zauna a ƙasa. Ya laluba aljihu ya ciro farin goron da ya yi niyyar kai wa hedimasta, ya miƙa mata hannu biyu.

"Na sallama, amarya. Karɓi."

Ta jujjuya goron, ta dube shi sama da ƙasa.

"Haƙori uku ka ce ina da su. Zauna ka daka mini shi tukuna, sannan ka je ka ci jarrabawarka."